Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalan gidansa.

Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, ɗana na fari. Allah ya sa takardar nan ta same ka ƙafarka lafiya, cikinka lafiya, ruwa a gorarka. Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Ni ce, wadda kake ce wa Yaya. Ka san ban iya rubutu ba. Ina zaune ne a ɗakin Malama Hajara ta Limancin Kona, wadda take koya wa matan unguwa tsarki da salla, ni ina faɗa ita tana rubutawa. Na roƙe ta kada ta gyara mini magana, duk abin da ya fito bakina ta sa shi haka nan. Da za ta fara ta tambaye ni sunan wanda ake aika wa, wai ba a yin wasiƙa babu suna. Na ce ta bar wurin fili tukuna. Ta ajiye alƙalami ta dube ni, ta ce, "Shekara goma sha biyar, har yanzu?" Na ce har yanzu, Malama.

Gobe bayan asuba za ka bi Baffa Sule, ƙanen babanka, hanyar gabas zuwa Makka a ƙafa. Manya sun yanke, ba a tambaye ni ba, ni ma ban isa in ce a'a ga tafiyar ɗakin Allah ba. Malama za ta sa a ɗinke takardar nan cikin fata kamar laya, ta ba ka, ta ce kada ka farke sai kun wuce Ƙofar Galadima kun sauka a zangon farko. In kana karantawa, to ka riga ka yi nisa ke nan.

Bari in gaya maka abin da ya kawo ni ɗakin nan. Shekaranjiya ina tankaɗe a bayan zana, kai da Iya kakarka kuna tsakar gida kuna irin wasanku. Ta ce, "Kai mijin nan nawa marar amfani, wato tafiya za ka yi ka auro Balarabiya ka bar ni?" Ka ce, "Ke tsohuwa, ai ko raƙumar Larabawa ta fi ki haƙora." Kuka yi dariya, ni ma na yi a ɓoye. Sai ta ce, "To ka dai dawo. Kada ka yi irin ta mutanen nan da suke tsayawa a hanya su yi gona, su yi mata, su manta gida." Sannan ka ce, "In na juyo ba kya nan, Iya, wa zan dawo wa? Yaya ko sunana ban tabbata ta sani ba."

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Garin ya zube, kaji suka zo suka ci, ina tsaye ina kallonsu.

Mutanen da suke zama a hanyar nan ba mugaye ba ne. Waɗanda ba wanda yake jiransu ne. To ni ina so ka dawo, shi ya sa zan faɗi laifuffukana da bakina, ko da Malama za ta daina ganina da mutunci.

Na farko, ina ganin za ka iya tunawa, don tabon yana nan a girarka ta hagu. Kana shekara huɗu ka faɗi a bakin rijiya, dutse ya fasa maka goshi. Mata sun cika gidan ana dakan suna. Ka taso da gudu, jini har bakinka, ka wuce kowa ka zo ka rungume ƙafata. Ni kuwa na ɓamɓare yatsunka ɗaya-ɗaya daga zanena, na tura ka wajen Iya, na ɗauki taɓaryata. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa. Sai matan suka hau yabona. "Kai, yarinyar nan akwai kunya!" "Gidansu an yi tarbiyya." Wallahi na ji daɗin yabon nan. Wannan ne laifin, ba turawar ba. Na ji daɗi har kaina ya yi girma, kai kuwa kana can kana kuka ana danna maka toka a goshi. Daga ranar ba ka ƙara rugowa wajena ba. Na ce a raina yaro ya yi hankali.

To ka ji. Duk inda ka je za ka tarar da abin da mutanen wurin suke yabo. Kafin ka yi abu don a yabe ka, ka duba wa zai zub da jini a kai. In akwai, ka bar yabon, ba ya kai mutum ko'ina. Matan da suka yabe ni ranar nan, rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa, sauran ba su ma tuna ba.

Malama ta ce in sha ruwa. Zafin bazarar nan ya yi yawa, tawada ma bushewa take a bakin alƙalami.

Yanzu maganar duniya, don ita ce take hana ni cin abinci. Tunda watan Azumin Tsofaffi ya kama, ba ranar da Garba Soja ba ya zuwa zauren gidanmu da sabon labari. Ka san shi, mai ɗingishin nan da ya dawo daga yaƙin Jamus, wanda yake yini a tashar jirgin ƙasa yana hira da akawun waya. Ku kuna zaure kuna dariya, ni ina jikin bango ina kaɗi, kome ina ji.

Ya ce an gama yaƙi, amma ba a gama ba. Wai manyan Turawa sun taru a wani babban gida a ƙasar Faransa, sun shimfiɗa takarda da aka zana duniya a kanta, suna rabawa kamar naman layya. Wannan cinya tawa, wancan ƙirji naka. Wai Kamaru ma tsaga ta za a yi, Ingilishi su ɗauki yanki, Faransa su ɗauki yanki. Baffa Sule ya ce, "To mutanen cikinta fa?" Garba ya ce, "Malam, an taɓa tambayar rago?" Wai a Jamus yunwa ake yi, mata suna tsayawa a layi tun safe don abin da za su dafa. Wai Sarkin Santambul, wanda tun muna yara muke jin shi ne mai riƙe da Makka da Madina, yanzu ko ƙofar gidansa ba shi da iko da ita. Baffa ya ce, "Garba, kai dai in ka sha rana a tasha sai ka zo ka sauke mana." Garba ya ce, "Ni da na ga jirgi yana tafiya a sama kamar shirwa, me kuma zan ƙara da ƙarya?"

Amma wanda ya tsinka mini zare shi ne na Masar. Ya ce Turawa sun kama wani babban mutuminsu sun kai shi tsibiri a tsakiyar teku, sai ƙasar duka ta tashi. An tumɓuke ƙarafan jirgin ƙasa, an yanke waya, soja suna harbi a kan titi. Na kasa haƙuri, na aika Iya ta tambayi Baffa ko Masar a kan hanyarku take. Ya aiko cewa hanyarku tana can kudu da ita nesa, wai mata su bar shiga maganar da ba su sani ba, rigimar Masar ina ruwanmu.

Ina ruwanmu. Wannan kalma na taɓa jin ta, kuma na taɓa faɗin ta. Shi ne laifina na biyu.

Lokacin da aka fara yaƙin nan, babanka yana zaune a zaure da allurarsa yana ɗinkin aska takwas a wuyan riga. Ka san hannunsa, ko fartanya bai saba da ita ba, tafinsa kamar na jariri. Ya shigo ya ce mini Turawa suna faɗa da junansu. Na ce to su ƙarata, ina ruwanmu, ga tuwo nan. Shekara ba ta yi uku ba aka zo unguwa-unguwa ana neman maza masu ɗaukar wa soja kaya. Aka ce wata shida ne. Aka ce nan kusa ne. Ba wanda ya tambayi ina ne kusan. Ni ma ban tambaya ba.

Ranar da zai tafi, da hantsi, ya zo bakin ƙofar ɗakina ya tsaya. Iya tana tsakar gida, ƙannensa suna nan. Ina kaɗi. Ya ce, "To, zan tafi." Na ce, "A sauka lafiya." Ban ɗaga kai ba, kada a ce na damu da miji a gaban uwarsa. Ya tsaya. Ina ganin ƙafafunsa kawai, da takalmin da ya ɗaure da igiya. Ya ce, "Ba ki da saƙo?" Na ce babu. Mazarin yana ta juyawa. Ƙafafun suka juya suka fita.

Ƙafafunsa ne abin da na gani na ƙarshe. Yanzu in na rufe ido ina neman fuskarsa, sai takalmin ya zo.

Garba ne ya kawo labarin rasuwarsa bayan shekara biyu. An sa su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa kwana da kwanaki, zuwa wata ƙasa da har yau ban iya faɗin sunanta ba. Ba harsashi ba ne. Ciwon gudawa ne, da kaya a ka, da ruwan sama. Ya ce sun haƙa masa da hannu a gindin wata bishiya da ba irinta a ƙasarmu. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba.

Don haka ka saurara. Duk zangon da kuka sauka, ka je inda matafiya suke hira ka kasa kunne. Masu dawowa daga gabas su ne malamanka, ka tambaye su abin da suka baro. In aka ce maka wani abu yana faruwa nesa, kada ka ce ina ruwanka. Yanzu ba nesa. Tunda aka shimfiɗa ƙarfen nan aka ja waya, abin da aka dafa a Faransa a tsakar gidanmu ake sauke shi. In wani mai kaki ko mai rawani ya ce zo ka riƙe mana kayan nan zuwa nan kusa, ka tambayi sunan garin, ka tambayi kwana nawa, in ya ƙi faɗa ka bar masa kayansa. In kuka ga taro ana ihu a birni, ko da gaskiya ce da su, kai baƙo ne, ka bi ta bayan gari. Kuma Baffanka mutumin kirki ne amma ba ya son a ce bai sani ba. In ka ji labarin da ya saɓa da nasa, ka gaya masa a gefe, da ladabi, kada ka yi shiru don kunya. Shirun kunya ni na san abin da yake ci.

Na uku ya fi nauyi. Malama, ki yi haƙuri, ki rubuta kawai.

Bara da kaka, bayan an ɗauke ruwa, ciwon nan ya shigo, marisuwa. Ka gani da idonka, ba sai na ba ka labari ba. Makara tana fita ta dawo ta sake fita, har aka koma ɗaukar mutane a tabarma. Shi ma an ce daga bakin teku ya hau jirgin ƙasa ya zo. Tun kafin ya iso an faɗa a zaure cewa ana mutuwa a Ikko, na ji, na ci gaba da harkata.

Aka yi rasuwa a gidan ƙanwar mahaifiyata a Ƙofar Galadima, mutum uku cikin kwana biyu. Iya ta ce mini, "Ki bari a kwana biyu, gidan nan tari ake yi." Na ce yaya za a yi a ce ba a gan ni wajen gaisuwa ba? Me dangi za su ce? Na ɗauki mayafi. Ƙanwarka Asabe ta ce za ta bi ni, don tana son zuwa gidan, akwai bishiyar kurna. Na riƙe hannunta muka tafi. Muka zauna a ɗaki cike da mata, ana kuka ana tari, daga azahar har la'asar. Ta cika bakin zanenta da kurna, ta kawo maka, ka tuna?

Bayan kwana uku jikinta ya yi zafi. Washegari naka ya yi.

Ita tana ɗakina, kai kana ɗakin Iya. Na san abin da kake riƙe da shi a zuciya: kwana tara kana kwance, ban shigo ba ko sau ɗaya. Gaskiya ne, ban shiga ba. Amma kunun tsamiyar da Iya take ba ka a ludayi, tana cewa ita ta dama, Iya a lokacin ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Ni nake damawa. Rigarka da ka jiƙe da gumi, ni nake wankewa in shanya a bayan ɗaki inda ba a gani. Akwai wata 'yar taga a bangon ɗakin Iya ta wajen turken awaki. Da rana tsaka, in Asabe ta samu barci, nan nake zuwa in tsaya, goshina a jikin bango, ina jin numfashinka. In ka yi tari in ji daɗi, don mai tari yana da rai. In ka yi shiru in ƙara manna kunnena a bango. Rana ta shida ka kira Iya, ka kira babanka da ba ya duniya, ka kira Asabe. Na tsaya ina jira. Ba ka kira ni ba. Na ce to, abin da na shuka ke nan.

A ranar Asabe ta tafi. Ina bakin tagar nan lokacin. Na dawo na tarar ta juya fuska bango, hannunta ya yi sanyi. Ka ga, ban kasance wajenka ba, ban kasance wajenta ba. Ina tsakanin ɗaki biyu kamar akuyar da aka manta ba a ɗaure ba.

Garba ya ce ciwon bai mutu ba, wai yana nan yana zagaya ƙasashe, ya lafa nan ya tashi can. To ina roƙonka da girman Allah, in kuka doshi gari ka ji ana tari, ko ka ga sababbin kaburbura sun yi yawa a bakin hanya, kada ka shiga gaisuwa, kada ka shiga cin tuwon sadaka. Ka yi musu addu'a daga nesa, Allah yana ji daga nesa. A ce maka marar zumunci, a ce ba a yi maka tarbiyya ba. Ka ce eh, uwata ce ta hana ni. Ka ɗora mini, zan ɗauka.

Sauran ƙananan abubuwa. Dakuwar da ke cikin jakarka, Iya za ta ce ita ta yi. Ka ci ta a hankali, na sa barkono kaɗan don na san cikinka. Kada ka sha ruwan da ba ya gudu. In ƙaya ta soke ka ka cire a take, kada ka ce sai an sauka. Allurar babanka tana cikin kuttun kwalli a ƙasan jakar, ka iya ɗinki daidai gwargwado, mai allura ba ya kwana da yunwa a garin mutane. Amma ka ji, don ciyar da kai na ba ka, ba don ka samu abin zama ba. In wani gari ya yi maka daɗi, aka ce ga gona ga yarinya, ka tuna da tagar nan ta wajen awaki.

Akwai abu ɗaya da Garba ya faɗa na Masar da ban gaya maka ba. Ya ce har mata sun fito. Matan kulle, matan manyan gida, da lulluɓinsu, suka cika titi suka tsaya a gaban soja masu bindiga. Mazan zaure suka yi ta salati, Baffa ya ce duniya ta zo ƙarshe. Ni kuwa tun ranar nake tunaninsu. Ban san gaskiyarsu ba, ban san abin da suke nema ba. Amma na san kowace a cikinsu tana da uwar miji, tana da maƙwabta masu baki. Ta san za a ce ba ta da kunya. Ta ɗauki mayafi ta fita. Ni ba bindiga a gabana, Iya ce kawai da matan gida, amma shekara goma sha biyar na kasa buɗe baki.

Na gaya wa Malama abin da zan yi. Gobe in kun ɗauki kaya, ka yi sallama da Iya, ka zo bakin ƙofata ka ce, "Yaya, zan tafi," kamar yadda babanka ya yi, zan ajiye mazarin. Zan ɗaga kai in dubi fuskarka. Kuma in ka juya ka kai bakin zaure, zan kira ka da sunanka, a gaban kowa, su faɗi abin da za su faɗa.

Haka na ƙudura. Amma na san kaina. In ka ji, to ka riga ka sani, takardar nan ƙari ce. In kuwa ba ka ji ba, ka fita shiru kamar yadda babanka ya fita, to kada ka ce Yaya ba ta san sunanka ba. Baki ne ya ƙi. Ni na zaɓe shi ma, ta bakin Iya na aika wa babanka ana gobe suna, ya ɗauka nata ne.

Malama, koma sama inda muka bar fili. A'a, bari, sa shi nan ma.

Idrisu.

Na faɗa. Malama ta ji, bango ya ji. Idrisu, ɗana. Ka dawo. Ko Iya tana nan ko ba ta nan, ko shekara bakwai ne, ko ka zo da furfura, akwai mai jira a gidan nan. In kuma ka tarar an kai ni inda aka kai Asabe, ka tambayi Malama, za ta nuna maka wurin, ka zo ka tsaya ka ce ka dawo.

Allah ya kai ku lafiya. Allah ya raba ka da ciwo, da mai bindiga, da ruwan da ba shi da kyau. Allah ya sa ka ga ɗakinsa da idonka, ka roƙa wa babanka da ƙanwarka gafara, ni ma ka sa ni a ciki. Allah ya juyo da ƙafarka Zazzau. Ka gai da Baffa. Na bar ka a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Daga uwarka.